Canza tayar babur da daidaita nauyinta da hannunka: tambayoyi da amsoshi

Mai yawan hawan babur yakan ci taya da wuri, ta baya ma ta fi saurin suɗewa. Shi ya sa wasu ke sayen na'urar canza taya ta hannu su koyi aikin da kansu. Aiki ne da mutum zai iya, amma akwai wuraren da kuskure ke jawo asarar rim ko taya, wani kuskuren ma sai a kan hanya yake bayyana. Ga tambayoyin da masu farawa suka fi yi.

Wace irin na'ura ce wannan, kuma me ta fi liba da shi?

Ƙarfe ne mai tsayawa a ƙasa, da maƙalai masu riƙe rim, da sanda a tsakiya da ke ratsa ramin aksul (ƙarfen da ƙafar babur ke juyawa a kansa), da wani hannu mai danna gefen taya ya raba ta da rim. Sai doguwar sanda mai kan roba mai tauri, wadda ake zagaya bakin rim da ita a cire taya ko a shigar da ita. Ba ta aiki da lantarki ko iska, hannunka da tsawon sandar su ne ƙarfinta. Kamfanoni da dama suna ƙera ta, irin su No-Mar na Amurka da Rabaconda na Estoniya, kuma tsarin kowa ya ɗan bambanta.

Da liba kaɗai ma ana canza taya, an daɗe ana yi. Abin da na'urar ta ƙara shi ne tana riƙe ƙafar babur wuri ɗaya, faifan birki ba ya taɓa ƙasa balle ya lanƙwashe, sannan roba ce ke gogar bakin rim ba ƙarfe ba. Idan irin mai tsayi ce, dole a kafe ta da noti a daɓen siminti ko a kan katako mai kauri da faɗi wanda za ka taka. Na'urar da ke juyawa tare da kai ba za ta yi maka komai ba.

Ban taɓa yi ba. Ba zan lalata rim ɗina ba?

Za ka iya ƙarce shi, musamman a karon farko, kuma rim na alminiyam mai fenti ba ya ɓoye tabo. Idan za ka samu tsohon rim da tsohuwar taya, cire ka mayar a kansu har hannunka ya gane aikin kafin ka taɓa naka. Tayoyin manyan babura masu ɗaukar kaya da doguwar tafiya gefensu yana da kauri, su suka fi ba da wahala, don haka ba su ne na koyo ba.

Ban da na'urar, me zan tanada?

Abin ɗaga babur da zai riƙe shi daram bayan an cire ƙafa, da sifanonin da suka dace da notin aksul, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Sai abin kwance ƙwayar bawul, da man sa taya da burushinsa, da liba biyu ko uku da robobin kare bakin rim, da ma'aunin iska mai gaskiya. Taya mara tub tana son kwampreso, domin famfon hannu ba kasafai yake tura iska da yawa lokaci ɗaya ba. Na daidaita nauyi kuma akwai ma'auninsa da 'yan guntayen ƙarfe da ake mannawa. Sa tabarau na kariya lokacin busa iska. Littafin baburinka kuwa ya fi duk waɗannan muhimmanci, don a ciki ne za ka ga girman taya, yawan iska da ƙarfin ɗaurin kowane noti.

Me lambobin da ke gefen taya suke nufi?

Ɗauki 120/70 ZR17 58W. Lamba 120 faɗin taya ce a milimita. Lamba 70 tana nufin tsayin gefen taya kashi 70 cikin ɗari ne na faɗin, wato milimita 84. Harafin R na nuna ƙirar radiyal, inda zaren jikin taya ya ratsa a miƙe daga leɓe zuwa leɓe (leɓe shi ne bakin taya da ke zama a kan rim), saɓanin tsohuwar ƙira da zarurrukan ke gicciye juna. Lamba 17 faɗin da'irar rim ne a inci, wato daga gefe zuwa gefe ta tsakiya. Sai 58, alamar nauyin da tayar za ta ɗauka, kilo 236, W kuma iyakar gudu, kilomita 270 a sa'a. H na nufin 210, P na nufin 150. Ƙananan babura sukan zo da rubutu irin 2.75-17 ko 3.00-18, inda lambar farko faɗi ne a inci.

Lambar rim ba ta karɓar kusa da kusa. Tayar inci 17 ta rim ɗin inci 17 ce kawai, kuma tilasta taya a kan rim da ba nata ba na iya tsinka leɓenta lokacin busa iska. Kada kuma ka haɗa radiyal a ƙafa ɗaya da tsohuwar ƙira a ɗayar, sai idan masu ƙera babur ɗin ne suka tsara haka.

Yaya zan san lokacin canji ya yi?

A cikin kwarin zanen taya akwai 'yan tudu da aka bari da gangan, a gefe kuma akan sa alamar TWI ko ɗan kusurwa uku daidai inda suke. Zane ya suɗe ya yi daidai da tudun, taya ta ƙare. Dokokin ƙasashe sun bambanta: a Birtaniya mafi ƙarancin zurfin zane ga babur da ya wuce cc 50 milimita 1 ne, a Jamus 1.6 ga manyan babura. A ganina jiran iyakar doka sakaci ne ga wanda ke tafiya cikin ruwan sama, domin zanen ne ke kore ruwa daga ƙarƙashin taya.

Shekaru ma suna cin roba ko ba a hau ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT suna nuna mako da shekarar da aka yi tayar: 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Michelin na ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara idan ta kai shekara 5 ana amfani da ita, a sauke ta idan ta kai 10 ko da zanenta na nan. Tsagewa a gefe, kumburi, ko tsakiyar da ta baje ta bar kafaɗu, kowanne dalili ne na canji.

Me zan kiyaye wajen cire ƙafa daga babur?

Sassauta notin aksul tun babur yana ƙasa, kafin ka ɗaga shi. Zobban tazara da ke gefen boris sau da yawa na dama da na hagu ba tsayinsu ɗaya ba, don haka ɗauki hoto ko ka jera su yadda suka fito. Kan birkin da ka kwance ka rataye shi da waya, kada ka bar shi yana lilo da tiyon mansa. Kada kowa ya matsa birki bayan faifai ya fita, in ba haka ba takalman birki za su haɗe. Idan babur yana da ABS, wato tsarin da ke hana taya kullewa idan an taka birki, kula da zoben haƙoransa da na'urar da ke karanta shi. Abu na ƙarshe da mutane ke mantawa: zana kibiya da alli a jikin rim da ke nuna inda ƙafar ke juyawa.

Taya ta manne da rim, ta ƙi rabuwa. Yaya zan yi?

Ka fara cire ƙwayar bawul gaba ɗaya, danna ta kawai ba ya fitar da iska duka. Sa bakin abin dannawa a kan roba dab da bakin rim ba tare da ya taɓa ƙarfen ba, ka danna a hankali. Idan bai saki ba, zuba ɗan man sa taya a tsagar da ta buɗe, ka matsa gaba kaɗan ka sake dannawa. Tsohuwar taya ba ta saki a danni ɗaya, sai an zagaya. Ka raba gefe biyun duka, ka tabbata faifan birki ba ya ɗauke da nauyin dannin. Rim mai na'urar auna iska a gindin bawul kuma, a nisanci wajen bawul ɗin, don na'urar tana karyewa da sauƙi.

Na sa duk ƙarfina amma ragowar leɓe ya ƙi hayewa. Me ke faruwa?

Duk aikin a kan wannan tambaya ya rataya. A cikin leɓen taya akwai zoben wayar ƙarfe da aka lulluɓe da roba. Zoben nan ba ya miƙewa, kuma da gangan aka yi shi bai kai bakin rim faɗi ba, don kada taya ta fice ana tafiya. To ta yaya ƙaramin zobe zai haye bakin da ya fi shi? Dubi rim da babu taya a kansa, za ka ga kwari ya zagaye tsakiyarsa. Idan leɓe ya faɗa cikin kwarin nan a ɓangare ɗaya, zoben gaba ɗaya sai ya zame zuwa ɗaya ɓangaren, a samu rarar da za ta haye baki. Kamar maɓallin riga ne, ba ya shiga raminsa a miƙe sai an karkata shi.

Saboda haka idan sanda ta cije, matsalar ba a inda sandar take ba ce, tana can ɓangaren da ke fuskantarta. Leɓe ya fito daga kwari ya koma mazauninsa, rarar ta ƙare, abin da kake ja yanzu wayar ƙarfe ce. Ƙara ƙarfi a nan abu uku yake haifarwa: a yage robar leɓe taya ta riƙa sace iska, a tsinka wayar ciki taya ta zama shara, ko a lanƙwasa bakin rim. Tsaya, koma baya kaɗan, danna ɓangaren can da hannu ko gwiwa har ya nutse cikin kwari, sa 'yan guntayen katako ko maƙalan roba su riƙe shi a can, ƙara mai, sannan ka ci gaba. Za ka ji sandar ta yi sauƙi nan take.

Leɓen farko yawanci ba ya gardama, wani lokaci ma da hannu ake tura shi. Na biyu ne mai wuya, musamman kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarshe. Kada ka manta da leɓen farko da ya riga ya shiga: shi ma idan ya zauna a mazauninsa na ƙasa yana ɗaure tayar, don haka a ɗago shi ya kasance kusa da kwari. Idan da liba kake ƙarasawa, ɗebi kaɗan kaɗan, kamar faɗin yatsu uku a kowane ɗagi. Wajen cirewa ma dokar ɗaya ce, a nutsar da ɓangare ɗaya kafin a ɗaga ɗayan.

Zafi yana taimakawa ƙwarai. Tayar da ta sha rana na ɗan lokaci tana laushi, mai sanyi kuwa ta ƙage. Lokacin sanyi a ajiye ta a ɗaki mai ɗumi tun kafin a fara, amma ba kusa da wuta ba.

Wane mai zan shafa? Ruwan sabulu ya isa?

Man sa taya da aka yi don wannan aiki shi ya fi, domin yana da santsi lokacin aiki, daga baya ya bushe ya bar taya ta kama rim. Ruwan sabulu yana yi idan babu wani, sai dai yana saurin bushewa kana tsakiyar aiki, kuma danshin da yake bari a ciki na iya cin rim a hankali. Giris, baƙin mai, fetur da man birki kuwa a nisance su. Suna lalata roba, kuma wanda bai bushe ba zai bar taya tana zamewa a kan rim idan aka taka birki da ƙarfi. Shafa a leɓe biyun ciki da waje, da bakin rim, da kan sandar. Ka kiyaye kada ya taɓa faifan birki ko zanen taya.

Ta wace fuska taya za ta shiga, kuma ɗigon fentin nan na mene ne?

Kibiyar da ke gefen taya ta bi kibiyar da ka zana a rim. Duba sau biyu kafin leɓen farko ya shiga, don babu abin da ya kai gano kuskuren nan bayan an gama ciwo. Wasu tayoyin suna da kibiya biyu, ɗaya idan a gaba za a sa, ɗaya idan a baya.

Ɗigon fenti, rawaya a wasu kamfanoni, ja a wasu, yawanci yana nuna inda taya ta fi rashin nauyi, kuma an saba a daidaita shi da bawul bisa zaton nan ne rim ya fi nauyi. Zaton ba kullum yake zama gaskiya ba. Tunda rim yana hannunka babu taya, ɗora shi a ma'auni da sabon bawul a jiki bayan ka ɓamɓare tsofaffin nauyi, ka ga inda ya faɗa ƙasa, ka yi masa alama ta ciki. A nan za ka sa ɗigon, kuma alamar za ta yi maka amfani a duk canji na gaba. Wasu tayoyin ba su da ɗigo ko kaɗan, ba aibi ba ne.

Kafin taya ta hau, goge mazaunin leɓe a rim tas, ka cire tsohuwar roba da tsatsa. Bawul na roba a sabunta shi duk canjin taya. Ramin bawul iri biyu aka fi samu, milimita 8.3 da 11.3, sai ka auna naka kafin ka saya.

Ƙafata mai wayoyi ce, da tub a ciki. Akwai bambanci?

Akwai. Sabuwar taya tana son sabon tub na girmanta, domin tsoho ya riga ya miƙe, zai naɗe a ciki, wajen naɗin kuma nan yake hujewa. Duba robar da ke rufe kawunan wayoyi a cikin kwarin rim, idan ta tsage ka canza ta. Bayan leɓen farko ya shiga, barbaɗa wa tub hoda, hura masa iska kaɗan yadda zai yi siffa ba tare da ya yi tauri ba, ka shigar da shi, ka fito da bawul ta raminsa ka ɗaura notin sako-sako. Tub da ya ɗan kumbura yana kauce wa bakin liba, wanda ya kwanta shi ake tsunkula. Kada ka zurfafa liba, kada kuma ka kwantar da ita fiye da yadda ake buƙata. Kafin busa iska, tura bawul ciki ka sake shi don ka tabbata gindinsa bai maƙale a ƙarƙashin leɓe ba.

Iska nawa zan busa kafin taya ta zauna?

Kada ka wuce psi 40, kimanin bar 2.8, wajen zaunar da leɓe. Wannan ita ce iyakar da masu yin taya irin su Dunlop suke gindayawa. Ka busa babu ƙwayar bawul a ciki don iska ta shiga da yawa. A taya mara tub za ka ji ƙara sau biyu, kowane leɓe da tasa. Janye yatsunka daga tsakanin taya da rim, kada kuma ka sunkuya a kanta. Idan ka kai 40 bai zauna ba, saki iskar, sake raba leɓen, ƙara mai, ka sake gwadawa. Idan iska tana zurarewa ta gefe tun farko, ɗaura igiyar ɗaure kaya a zagayen tsakiyar taya don leɓuna su buɗe su taɓa rim, ka sassauta ta da zarar iska ta fara kamawa.

Dabarar fesa fetur ko gas a cikin taya a kunna wuta, wadda ake nunawa a bidiyo, kada ka kuskura. Babu mai iya auna ƙarfin fashewar.

Kusa da leɓe akwai siririn layi da ya zagaye taya. Bi shi da ido a gefe biyun, tazararsa da bakin rim ta zama ɗaya ko'ina. Inda ya nutse, leɓe bai zauna ba. Daga nan mayar da ƙwayar bawul, sa iskar da littafin babur ya ce, ka shafa ruwan sabulu a bawul da bakin rim ka ga ko kumfa zai tashi. Lambar iska da ke jikin taya ta iyakar ɗaukar kaya ce, ba ita ce ta tafiyar yau da kullum ba.

Daidaita nauyi dole ne?

Lissafi zai amsa. Tayar 120/70 a rim ɗin inci 17 tana juyawa kusan sau 15 a sakan ɗaya idan ana gudun kilomita 100 a sa'a. Rarar nauyi ta giram 20 a wajen zanenta, a wannan gudu, tana fizgar aksul da ƙarfin da ya kai na kilo 5, sama da ƙasa, a kowane juyi. Gudu ya ninka, fizgar ta ninka sau huɗu. Gudu ya ragu zuwa 50, ta koma kilo ɗaya da 'yan kai. Shi ya sa mai ƙaramin babur da ba ya gudu zai iya shekara bai ji komai ba, mai babban babur a babbar hanya kuwa zai ji hannu yana karkarwa, taya tana ci wuri-wuri, boris da abin shan gargada suna wahala. Ni dai ina ganin wanda ya riga ya cire ƙafa ya yi mai wuyar, bai kamata ya tsallake mai sauƙin ba, ƙafar gaba musamman.

Yaya ake yi da ma'aunin hannu?

Ma'aunin sanda ce miƙaƙƙiya mai mazugi biyu da ke matse ƙafa ta tsakiya, tana kwance a kan ƙananan boris masu saurin juyawa. Ajiye shi a wuri mai daidai inda iska ba ta kaɗawa. Ƙafa ta hau da faifan birkinta da murfin bawul, taya cike da iskarta, an cire zobban tazara da duk tsohon nauyi da laka. A ƙafar baya, idan sufoket yana kan mazaunin da ke zarewa, yawanci a zare shi ake aunawa. Matse mazugan sosai, don ƙafar da ke girgiɗi a kan sanda ƙarya za ta faɗa maka.

Juya ta kaɗan ka saki. Za ta yi ta kai da komowa har ta tsaya, wuri mafi nauyi a ƙasa. Yi alama da alli a can sama. Sake juyawa sau biyu ko uku daga wurare dabam. Idan alamar tana komawa sama, nan ne wurin da ke buƙatar ƙari. Liƙa nauyi a wurin da salatif na wucin gadi, kada ka ɓare mannensa tukuna. Juya ƙafar har nauyin ya koma gefe, daidai da tsayin sanda, ka saki a hankali. Ya koma sama, bai isa ba. Ya gangara ƙasa, ya yi yawa. Saurin tafiyarsa yana gaya maka girman bambancin: mai gudu yana son ƙari mai yawa, mai jan jiki kaɗan ya rage. Ka ci gaba da ƙarawa da ragewa har ƙafa ta tsaya duk inda ka bar ta, ko ta motsa da ƙyar. Gwada a dama, a hagu, da wurare biyu a tsakani.

Nauyin mannawa yakan zo a guntayen giram 5 da 10, wasu kuma giram 7. Idan bambancin da ya rage bai kai giram 5 ba, ka gama, kada ka ɓata yini kana bin abin da ba za ka ji a hanya ba. Goge wurin da sifirit ya bushe, sannan ka manna ka danna sosai. Idan nauyin yana da yawa, raba shi biyu, rabi a kowane gefe na tsakiyar rim. Ƙafa mai wayoyi tana da nata irin da ake matsewa a gindin waya. Da dalma aka saba yin su, yanzu ƙarfe da tutiya sun yawaita, tun bayan da Tarayyar Turai ta hana dalma a ƙafafun motoci a 2005.

Wani zai ce injin kwamfuta ya fi. Injin yana auna rashin daidaito tsakanin gefen dama da na hagu ma, abin da ke da muhimmanci a faffaɗar tayar mota. Ƙafar babur siririya ce, ma'aunin hannu ya wadatar da ita, har a filayen tsere ana amfani da shi.

Ƙafar tana neman nauyi mai yawa. Lafiya?

Idan ta wuce giram 50 zuwa 60, dakata. Littattafan gyara na wasu babura ma a giram 60 suke sa iyaka. Galibi wurin nauyin taya ne ya haɗu da wurin nauyin rim. Saki iska, raba leɓuna, juya tayar rabin zagaye a kan rim, ka sake zaunar da ita ka auna. Idan bai ragu ba, duba ko leɓe bai zauna daidai ba, ko rim ya lanƙwashe, ko ruwa ya shiga cikin taya.

Ƙananan duwatsun da ake zubawa cikin taya fa, ko ruwan daidaitawa?

Suna da masoya, kuma masu su suna cewa tafiya ta yi laushi. Ni ban fifita su ba. Ba ka da hanyar aunawa ka tabbatar sun yi aiki, suna iya toshe bawul, kuma wasu masu yin taya ba sa amincewa a zuba komai a cikin tayarsu. Nauyin da ka manna kana ganinsa, kana iya sake gwada shi.

Na daidaita amma har yanzu babur yana karkarwa. Daga ina?

Fara da layin leɓe, ka sake bin sa. Sannan duba ko wani nauyi ya faɗi. Ɗaga ƙafa ka juya ta kusa da wani abu tsayayye, ka ga ko rim yana kaɗawa gefe ko sama da ƙasa. Kama ta da hannu biyu ka girgiza, motsi na nufin boris ya mutu. Karkarwar da ke zuwa sai an taka birki ta faifai ce, wadda ke bin ƙarar inji ko babur yana tsaye ta inji ce. Boris ɗin wuyan babur da ya saki, da ƙafar baya da ba ta miƙe ba, su ma suna sa kai ya riƙa rawa.

Na mayar da ƙafa. Me ya rage kafin in hau?

Shafa wa aksul giris kaɗan, mayar da zobban tazara inda suke, ka ɗaure kowane noti da ƙarfin da littafi ya faɗa, a kuma jerin da ya faɗa. A babura da yawa ana ɗaure aksul na gaba, a sauke babur a danna gaban sau da yawa don ƙafafun fok su daidaita, sannan a ɗaure ƙananan notin da ke matse aksul. A baya, daidaita sarƙa da alamomin gefe biyu su zo ɗaya, da sakin da littafi ya ce. Juya ƙafa ka tabbata nauyin da ka manna ba ya taɓa kan birki. Goge faifai da abin wanke birki.

Sannan matsa birkin hannu da na ƙafa sau da yawa har su yi tauri. Takalman sun ja baya lokacin aiki, matsin farko ba ya kama komai, kuma gara ka gano haka a tsaye.

Sabuwar taya tana da santsi, siffarta kuma ta bambanta da suɗaɗɗiyar da ka saba da ita, babur zai fi saurin kwanciya a kwana. Masu yin taya suna ba da shawarar tafiya a natse na kimanin kilomita 160 na farko, babu fizga, babu birki mai tsanani, a riƙa ƙara kwanciya sannu a hankali. Washegari ka sake auna iska taya tana sanyi.

Yaushe ya kamata in bar wa gwani?

Idan rim ya tsage ko ya lanƙwashe, idan na kabon ne ko maganiziyam, idan ka ga wayar leɓe ta bayyana, ko taya ta ƙi zama bayan ka sake shafa mai ka gwada a iyakar iskar da aka halatta. Haka idan babur ɗin ba ka da abin da zai ɗaga shi lafiya. Kana iya cire ƙafar da kanka ka kai masa ita kaɗai, ya sa taya, kai kuma ka dawo ka daidaita nauyin a ma'auninka.